Ɗauko Ige daga Dogon Dutsi

Tun ranar da na dawo daga Dogon Dutsi ban huta da tambaya ba. In na fita ɗiban ruwa a tare ni, in na je barka a tare ni, har bakin tukunyar shinkafata mata ke biyo ni: "Kulu, yaya ƙasar Faranshi? Wai gaske ne burodinsu ya kai taɓarya tsawo?" To ga shi zan faɗa sau guda, daga farko har ƙarshe. Wadda ba ta ji ba ta tambayi maƙwabciyarta, ni bakina ya gaji.

Ba yawon ganin gari ya kai ni ba, jikata na tafi ɗaukowa. Ɗiyata Luba ta auri Garba, wani Ba'are da ya zo nan Birnin Kebbi aikin albasa, yaro mai ladabi wanda ko ɗaga ido bai yi gabana. Allah ya ba su 'ya mace, Ige. Tana cikin rarrafe Allah ya karɓi ubanta, zazzaɓin kwana huɗu. Da Luba ta fita takaba ta samu aikin shara a asibiti, can kuwa ba a shiga da goyo. Ni kuma turaran shinkafa ke ciyar da ni, daga hantsi zuwa la'asar ina tsakanin wuta da tafasasshen ruwa. Da lokacin yaye ya yi munka aika Ige wurin kakarta Hajo, uwar marigayi, can Dogon Dutsi ƙetaren iyaka, kamar yadda kowa ke yi. Yaye wata guda ne, in ya yi tsawo biyu. Mu sai da munka yi wata bakwai. Sau uku muna aikawa, amsar guda ce: uwa na aiki, kaka na aiki, wa zai riƙe ta?

Luba ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana kewar yarinyar ba. Ige 'yar farinta ce, ko sunanta ba ta faɗi, ga mu Filani da kunya kamar ta kashe mu. Amma ni na haifi Luba. Ina kallonta tana ramewa, kuma duk ranar Juma'a sai ta fito da 'yan rigunan Ige ta wanke ta shanya, rigunan da babu wanda ya sa.

Ana nan sai gwamnatin Sakkwato ta buɗe gidan reno a nan unguwar Nassarawa, don ɗiyan talakawan mata masu fita aiki. Ka kai yaro da safe ka ɗauko shi da la'asar, reno da kunu duk gwamnati ta ɗauki nauyi, uwa sai dai ta kawo kayan canji. Luba ta je ranar Litinin. Shugabar wurin, Malama Asabe, ta ba ta takarda mai hatimi ta ce, "Na riƙe mata wuri har Litinin mai zuwa. Amma sai na ga yarinya da idona, ga mata nan suna jira." Luba ta kawo takardar ta ajiye gabana. Na ce zuwa da kai ya fi aike, gobe zan kama hanya.

Ni da ban taɓa wuce Argungu ba, sai na maƙale wa Mama Risika, Bayarbar nan mai sayar da kwanoni a Nassarawa, wadda ta san hanyar Dutsi kamar hanyar gidansu. Shekarunta a Kabi sun fi na Luba a duniya, Hausarta kuwa har karin magana take koya mini. Tun a tasha ta ja kunnena: "Kulu, in kin isa ki ci, ki sha, ki yi kwana uku kafin ki faɗi abin da ya kawo ki. Na san ki da zafin kai." Na ce to, na ji.

Munka shiga kiya-kiya, ni a matse tsakanin buhun albasa da wani tsoho mai zakara a cinya. Mun wuce Ambursa lafiya. Kafin Alwasa taya ta fashe, direba ya fito da safaya, ashe ita ma ta fi mu gajiya. Munka zauna gindin giginya har rana ta take tsaka, zakaran tsohon nan ya kwance ya shiga gonar mutane, fasinja maza huɗu na bin shi da gudu, mu mata muna dariya har da riƙe ciki. Da munka isa Argungu motar Bacaka ta daɗe da tashi.

Dole munka kwana. Mama Risika ta kai ni gidan ƙawarta Dije mai banda, inda komi ke ƙamshin kifi, daga tabarma har ruwan sha. Anka kawo mana tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, kifi ya fi miyar yawa. Gaskiya Kabawan Argungu sun iya kifi, wannan ba gardama. Shinkafar dai ba ta ji turara ba, kuma da Dije ta tambaye ni sai na faɗa mata gaskiya. Mama Risika ta mintsine ni a cinya. Dije kuwa ta yi dariya ta ce, "Ai na ga alama, kin cinye kwano biyu don ki tabbatar." Na ji kunya, amma na ƙara loma guda.

Da safe munka hau akori-kura, munka ƙetare fadama, shinkafa kore shar hagu da dama. Daga nan ƙasa ta fara bushewa, kwalta ta ƙare, yashi ya karɓe mu. Sau uku muna sauka tura mota. A na ukun takalmina ya nutse cikin yashi, na tono guda, gudan yana can har yau. Haka na shiga ƙasar mutane da takalmi ƙafa ɗaya, sai da wata mata ta ara mini silifas ɗin ɗiyarta.

A Bacaka, bakin iyaka, jami'an gefenmu ba su tsayar da mu ba, sun san Mama Risika. Na gaba ne masu aiki. Wani jandarma dogo, wando ya ɗame shi kamar an zuba shi ciki, ya miƙo hannu yana neman katin shaida. Ni ina na san wani kati? Ya dube ni sama da ƙasa, ni ma na dube shi, sai na ga tsage biyu daga bakinsa har kunne. Ba'are ne. Shi ma ya gane ni. Ya haɗe fuska ya ce, "Bahillata, mi kika zo sata ƙasar iyayengijinki?"

Na ce, "Bayina na zo dubawa, in ga ko kun yi noma bana."

Ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Kun san tsakanin Filani da Arawa akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan wani, kuma ba a fushi. Wasan nan shi ya zame mini katin shaida. Sai dai kafin a gama duba kwanonin Mama Risika rana ta take, mai ɗaga ƙarfen shinge ya sa kwaɗo ya tafi gida. Wai can haka suke, da tsakar rana kowane ma'aikaci sai ya je ya kwanta, ko da gobara ake. Munka zauna har kusan la'asar. A nan na sayi burodin da kuke tambaya. Bai kai taɓarya ba, amma ya kai muciya, kuma ɓawonsa sai da ya fasa mini dasashi.

Daga Koren Mai Ruwa munka hau kwalta, munka isa Dogon Dutsi rana na shirin faɗuwa. Mama Risika ta raka ni har ƙofar gidan Hajo a gindin dutsen, ta sake ja mini kunne, ta wuce masaukinta.

Hajo doguwa ce, ƙaƙƙarfa, da tsagen Arawa a fuska. Rabona da ita tun zaman makoki. Ta rungume ni tana, "Maraba da baiwata!" Anka kawo ruwa, anka kawo fura, anka kawo dambu da zogale ya ji ƙuli da mai. Ina cikin ci sai ga wata 'yar ɓulɓul ta shigo da gudu, kitso tsaf, da ɗan wuri a wuya. Ige ce. Na miƙa hannu na ce, "Taho, kishiyata." Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta ruga ta ɓuya bayan Hajo.  Na ce a raina, ni ke nan ta manta, ina ga uwarta in aka ƙara wata bakwai?

Abin da ya ruɗa ni ke nan. Kwana ukun da Mama Risika ta ce, ko sa'a uku ban yi ba. Ban wanke hannu ba na kwance bakin zanena, na zaro takardar nan tana ta ƙarnin kifin Dije, na miƙa wa Hajo na ce, "Ga abin da ya kawo ni."

Sauri ya haifi nawa. Ashe a can takarda mai hatimi ba ta shiga gidan talaka sai da haraji ko sammaci. Hajo ta riƙe ta da yatsa biyu, ta aika aka kira maƙwabcinta, malamin makarantar boko, wanda suke ce wa mushe. Ya sa tabarau, ya juya gaba ya juya baya, ya ce shi Faransanci ya karanta, wannan kuwa Ingilishi ne. Abu guda ya gane, hatimin na gwamnati ne. Da ma bai zo ba.

Hajo ta miƙe. "Ƙarata kika kai, Kulu? Ɗana na cikin ƙasa, ki zo mini da takardar hukuma kan ɗiyarsa?"

Na yi rantsuwa, na yi bayani, gidan reno ne, taimako ne. Ina! Ta saɓi Ige ta shige ɗaki.

Alhamis da Juma'a ko kallona ba ta yi ba. Abinci kuwa sai ƙaruwa ya yi, har kaza anka yanka mini. Mu in mun yi fushi da baƙo mukan rage masa miya, su sai su cika maka kwano su hana ka magana, kuma wallahi nasu ya fi ciwo. Don kada in haukace na riƙa fita. Na ga rijiyarsu mai zurfin da sai jaki ke jan guga, na ga mata bisa jakuna suna hira kamar suna kan tabarma. Matar mushe ta ja ni hira, ta ce su ma gwamnatinsu na taimakon masu ɗiya, amma a hannu ake ba uba, kuma sai mai aikin albashi. Na ce to matar da ke daka a biya ta fa? Ta ce wannan sai Allah. Na ce mu namu na masu shara ne da masu wanki. Na faɗa da ɗan alfahari, sai kuma na tuna Litinin saura kwana uku, kuma ko hannun jikata ban taɓa ba.

Ran Asabar da hantsi na iske Hajo na dakan gero ita kaɗai. Na ɗauki ɗaya taɓaryar na tsaya gabanta, ta saka na saka. Mun jima a haka na ce, "Ba'ara, haka ake yi wa uwargijiya? Ki cika ni da kaza ki hana ni baki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta jingine taɓarya ta kira Ige, ta ɗaga hannun yarinyar na hagu. Ga tabon ƙuna nan daga gwiwar hannu zuwa ƙasa, fari, kamar faɗin ganyen magarya uku.

"Wanga hwa? Hannun wa ta same shi?"

Wata bakwai muna aika saƙo, babu wanda ya taɓa ambaton tabon nan, daga mu har ita. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Hannuna. Ranar da Luba ta fara aiki ta bar mini ita. Na juya in sauke tukunya, ta rarrafa ta dafa garwashi. Ni na ƙona ta, Hajo, kuma har in mutu ina jin kukan nan." Hawaye sunka zubo mini, ban share ba. "Shi ya sa ban ce ki ba ni ita ba, ni ban iya riƙonta. Wurin da babu wuta aka samu. Kin riƙe ta da kyau, ko makaho ya shafa ya sani. Amma uwarta na can tana ƙarewa a tsaye." Na faɗa mata zancen rigunan da ake wankewa duk Juma'a.

Hajo ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka, ni ma na ɗauka. Sai da geron ya yi laushi ta ce, ba ta dube ni ba, "In ta yi dariya, Garba nika gani." Can kuma ta ce, "Ku Hillani ba ku da wayo. An taɓa zuwa ɗaukar ɗan yaye kamar akuyar aro? Kaka ka maida shi da kanta, da kayanta. Ni ka kai ta. In ga wurin da idona. In bai yi mini ba, da ita nika komowa, kuma ko gwamna ya zo bai karɓe ta."

Na ce na yarda. Ban da wani zaɓi, kuma gaskiyarta ce.

Ran Lahadi munka taso da kayan yaye kamar masu ƙaura: buhun gero, wake, kaji biyu, tulun man shanu. Mama Risika ta gan mu a tasha ta ɗaga hannu sama ta ce, "Kulu, ke dai Allah na son ki, ba dabararki ba ce." A shinge munka iske jandarman nan. Ya nuna Ige ya ce, "Ɗiyar wa?" Ni da Hajo munka ce "Jikata!" baki ɗaya. Ya ce shi bai shiga shari'ar tsofaffi, mu wuce tun mai kwaɗo bai ji barci ba. A Argungu Dije ta sake saukar da mu. Hajo ta matsa burodinmu da yatsa ta ce wannan ai auduga ce, ni kuma na yabi shinkafa tun ba a tambaye ni ba.

Litinin da hantsi munka sauka Birnin Kebbi, ko gida ba mu biya ba, sai Nassarawa. Malama Asabe ta ɗauko alƙalami da fara'a, Hajo ta ɗaga mata hannu ta ce ta dakata. Ta ajiye ƙunshinta ta shiga duba wuri kamar mai sayen gida. Ta shinshina tabarmi. Ta leƙa randa, ta taɓa murfin rijiya ta ji nauyinsa. Ta karɓi ludayi ta ɗanɗana kunun yara, ta ce tsamiya ta yi kaɗan. Ta tambaya, "In ta yi kuka, wa ka goya ta?" Wata dattijuwa cikin masu reno ta juya mata baya, ga wani yaro yana barci a goye. Daga nan ta ce a nuna mata inda ake hura wuta. Anka kai ta wani ɗaki can ƙarshen gida, mai ƙofa da sakata sama, inda hannun yaro bai kai. Ta zare sakatar ta mayar, ta sake zarewa ta mayar. Sannan ta dawo ta zauna gindin bango da Ige a cinya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. 

Haka munka zauna har azahar. Malama Asabe, Allah ya saka mata, ba ta ƙosa ba. Sai ga Luba ta shigo da rigar aikinta, an kai mata labari. Ta durƙusa tun daga nesa, kai a ƙasa, ta ce, "Iya, sannu da hanya. Kun sha wahala." Ta gaida Hajo, ta gaishe ni, ta gaida malama. Inda yarinyar take ko kallo ba ta yi ba. Ige ta leƙa ta, ta ƙara shigewa jikin Hajo.

Hajo ta daɗe tana duban Luba, wuyan nan da ya zama kamar na kaza. Sai ta jawo ƙunshinta ta kwance, ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, baƙi, duk ya koɗe.

"Taso, ɗiyata. Juyo."

Luba ta taso ta juya ta duƙa. Hajo ta ɗaga Ige ta ɗora mata a baya, ta ja zane, ta ɗaura majanyin da hannunta, ta ƙulle tam. Ige ta fara kuka tana miƙa hannu, Hajo ta dafa bayanta tana bubbugawa har ta yi shiru ta kwantar da kunci.

"Da shi na goyi ubanta," in ji Hajo. Ta juya wajen malama ta ce, "Rubuta ta. Amma a ƙara tsamiya."

Yau wata biyu ke nan. Kullum da safe Luba na kai Ige kafin ta wuce asibiti, ta ɗauko ta da la'asar, kuma ta fara mayar da jikinta. Hajo ta yi mana mako guda ta koma, da buhun shinkafar da na turara mata da hannuna, ta ce in an yi girbi tana nan tafe ta ga ko an gyara kunu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyarmu ta komawa gida unguwar Badariya ranar nan. Luba na gaba da goyo, ni da Hajo muna baya da kaji. Tana tsammanin mun yi nisa. Sai munka ji ta karkata kai, a hankali, ta ce, "Ige. Igena."

Hajo ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Bahillata, kin ji abin da na ji?"

Na ce, "Ni ban ji komi ba."

Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ni ma haka."